Kurakuran da aka fi yi da AGC wajen naɗar murya

Na gaji da karɓar sauti ana cewa in gyara, alhali tun wurin naɗa aka lalata shi. Yawanci AGC ne sanadi, wato tsarin nan da ke cikin waya, kyamara da manhajoji irin su Zoom, mai ɗaga ƙarfin makirfo idan sauti ya yi ƙasa, ya sauke shi idan ya yi sama.

Babban kuskure shi ne barin sa a kunne lokacin naɗar abin da za a adana. AGC bai bambance murya da hayaniya, ƙara kawai yake aunawa. Na taɓa naɗar hira da wani dattijo mai magana a tsanake, yana yi yana dogon shiru yana tuno abubuwa. Duk shirun da ya yi, sai na'urar ta yi ta ƙara ƙarfi har ƙugin fanka ya cika wurin. Da ya buɗe baki, kalmar farko sai ta fashe kafin AGC ya farga ya sauko. Awa biyu a haka. Na kwana uku ina fama a kwamfuta, ko rabi ban ceto ba, dattijon kuma bai sake samun lafiyar zama da ni ba. Har yau abin na ci mini rai.

Tun daga ranar nake kashe AGC in saita ƙarfin makirfo da hannu. Nakan sa mutum ya ɗaga murya iyakar yadda zai yi a hirar, in daidaita har mitar da ke nuna ƙarfin sauti ta tsaya wajen -12 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne). Idan ta taɓa 0, wato ƙarshen mitar, saman sautin ya yanke, babu manhajar da za ta dawo da shi yadda yake.

Sai masu ajiye makirfo can nesa suna jiran AGC ya jawo musu murya. Haba! Amon ɗaki zai jawo muku. Ku matso da shi, kamar taƙi ɗaya daga baki. Kuma don Allah ku sa hedfon, ta yaya mutum zai naɗi abin da ba ya ji?

Kada a bar AGC biyu suna aiki tare, na na'ura da na manhaja, sauti zai yi ta hawa da sauka. Waƙa da kiɗa ma a kashe musu shi, yana daidaita mai taushi da mai ƙarfi su zama ɗaya. A kiran taro ta intanet kaɗai nake barin sa, tunda kowa da irin makirfonsa.