Kurakuran da ɗaliban ungozoma ke yi idan an tura su makarantun yara

Duk shekara nakan raka ɗalibaina makarantun 'yan mata su yi bayanin ciki da haihuwa, in samu bencin baya in zauna ina kallo. Kuskuren farko ba ya canzawa: ɗaliba ta zazzage wa yara abin da ta haddace don jarrabawa, rabinsa da Turanci. Ku ɗalibai, ku faɗa da Hausa: mahaifa, mabiyiya, cibiya, naƙuda, awon ciki. In kunya ce ke riƙe muku baki, ku yi ta maimaita kalmomin a tsakaninku tun a ɗakin kwana.

Na ga wata ta ɗaga 'yar tsana da ƙashin ƙugu na roba, aji ya ɓarke da dariya, sai ta daburce ta cusa su ƙarƙashin tebur. Dariyar nan kunya ce kawai. A bar ta ta lafa, a miƙa 'yar tsanar ta zagaya hannu zuwa hannu, sannan a nuna yadda kan jariri ke bi ta ƙugun.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kushe ungozomar gargajiya. Wataƙila kakar wata a ajin ce ke yanke cibi a unguwarsu, kuma yawancin yaran nan a ɗaki aka haife su. Da kin ce “jahilci”, kin rufe ƙofar gidansu. Ki ɗauki al'adar ki faɗi dalili. Kunun kanwa yana tara ruwa a jikin mai jego, ya wahalar da zuciyarta. Dakashin da ake matsewa a zubar shi ne kariyar farko ta jariri daga cuta. Cibiya ba ta buƙatar toka ko man goge baki, akwai maganin shafawa na chlorhexidine a asibiti. Yarinya za ta iya kai wannan gida ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba.

Wasu kuma sukan cinye minti arba'in kan yadda ɗan tayi ke girma mako-mako har 40, ƙararrawa ta kaɗa ba su taɓo alamun haɗari ba. Alhali waɗannan yara su ake aika kiran maƙwabciya ko mai Keke Napep idan abu ya taso. Su fita da abin da za su ƙirga da yatsu: zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, zazzaɓi, da naƙudar da ta wuce awa 12. Doguwar naƙuda ce ke jawo yawancin yoyon fitsarin da ake ɗinkewa a asibitin Babbar Ruga ta Katsina. Ku gyara adadin awo ma: tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi sau 8, wasunku har yanzu 4 suke faɗa. Hotunan jini dai ku bar su a jaka.

Kada ku shiga aji ba ku zauna da shugabar makaranta ta ga abin da za ku koyar ba. Kada kuma ku ce mai tambaya ta ɗaga hannu. Ku raba 'yan takardu, kowacce ta rubuta ba suna ta jefa a kwali, ku tace kafin ku karanta. In kun ci karo da wadda ke nuna yarinya na cikin matsala, kamar ɓatan wata ko wani na taɓa ta, ba a karanta ta a fili. Ku ce duk mai son magana ta same ku a ofis bayan an tashi, ku kuma sanar da malamar da ta rako ku tun kafin ku bar makarantar.