Yadda ake tsara layin aiki da lissafin takarda a maɗaba'a

Ƙarshen watan Satumba, ana shirin komawa lakkal, ka leƙa kowace maɗaba'a a Yamai za ka tarar kowa na gumi. Mai makaranta na jiran takardun sakamako, ɗan kasuwar Katako na jiran littafin rasit, ga wata ƙungiya ta kawo takardun taron da za ta yi jibi. Inji kuwa ɗaya ne. A shekarun da na yi ina riƙe da allon aiki, abin da ya fi tsayar mana da inji shi ne a ɗora aiki, sai an yi nisa a je mangaza a tarar takardarsa ba ta kai ba. Shi ya sa a wurina layin aiki da lissafin mangaza littafi ɗaya ne.

Da farko, kowane aiki a yanka masa takardar shaida mai lamba: girmansa, yawansa, irin takarda da nauyinta, launi ɗaya ne ko huɗu, naɗewa za a yi ko ɗinki, da ranar karɓa. Sannan a fitar da samfur mai aiki ya sa hannu, abin da muke kira BAT. Ko Alhaji na sauri, ka ce masa: "Ranka ya daɗe, a duba sunan da lambar wayar, in sun yi a sa mana hannu nan." Kafin wannan sa hannun kada a ƙona faranti ko ɗaya, wato fallen ƙarfen da ake ɗora wa inji ya riƙa buga hoton aikin.

Sai lissafin takarda, kuma nan ne nake so yaran shago su natsu. A ce an kawo takardar talla 10,000 girman A4, wato santimita 21 da 29.7. Babban falle mai 65 da 92 yana ɗaukar A4 guda 8 a fuska ɗaya. Raba 10,000 gida 8, ka sami falle 1,250. Wanda ya tsaya nan ya yi kuskure, domin kafin launuka huɗun su hau kan juna daidai, tawada da ruwa su daidaita, inji zai cinye wasu fallaye, masiko, wato injin yanka takarda, shi ma zai ci nasa wurin yanka. Ni nakan ƙara 150 a irin wannan aiki, ya zama 1,400. Ram ɗaya falle 500 ne, ke nan ram 3 za a fitar. In kana shakkar ram ɗin da aka riga aka buɗe, ɗora shi a sikeli: cikakken ram na 65 da 92 mai giram 80 yana kusan kilo 24, daga nan ka san abin da ya rage ba sai ka ƙirga ba.

Da ka gama lissafi, tashi da ƙafarka ka je mangaza. Ka ga takardar da idonka, ka rubuta lambar aikin a jikin kowane ram da babban alƙalami, ka cire ta daga littafi nan take. Ta zama mai mai ita. Sai a lokacin aikin zai bar layin "jira" a kan allo ya koma layin "shirye", kuma mai tuƙa inji daga layin "shirye" kawai yake ɗauka.

Jera ayyukan ba wanda ya riga zuwa ake bi kawai ba. Fara daga ranar karɓa ka lissafo baya: kwana nawa ɗinki zai ci, awa nawa yanka, sannan bushewa. Tawadar ofset, wato injin da ke bugu da faranti, a kan takarda mai sheƙi tana son ta kwana. Ka yanka ta da ɗanyenta, bayan kowane falle zai kwashi hoton na ƙasansa. Bayan haka sai ka haɗa ayyukan da suka yi tarayya a takarda da girma su bi juna, don kowane sauyi yana cin lokaci da fallayen gwaji. Masu launi na musamman a fara da mai haske a ƙare da mai duhu, wankin nadin da ke shafa tawada zai yi sauƙi. A injin dijital ma haka ne. Ko Fiery ke gabansa ko wata manhaja, a tura komai layin riƙewa, mutum ɗaya ne zai riƙa saki. Kuma abin da aka zuba a kowane aljihun takarda a gaya wa injin gaskiyarsa: ka sa kati mai giram 300 ka bar shi a kan 80, zafin da zai ba shi ba zai isa ba, hodar tawadar ta riƙa gogewa a hannu.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 ana yawan ɗauke wuta, dogon aiki da sassafe nake sa shi, bayan na tabbata akwai mai a gurup. Ƙananan da ba sa cin rabin awa su suka dace da tsakar rana.

Takarda tana shaƙar iska kamar mai rai. Ta fi son laima wajen kashi 50 cikin 100, mu kuwa da hunturu iskarmu ta bushe ƙayau. Na sha ganin yaro ya farke ram da yamma don ya rage aikin safe, da gari ya waye gefunan sun ƙanƙance, tsakiya ta yi tozo, fallaye na manne da juna suna shiga inji bibbiyu. Da damina kuma gefen ne ke yin lanƙwasa kamar igiyar ruwa. A shigo da takarda ɗakin inji kwana ɗaya ko biyu kafin aiki, tana cikin rigarta, a kan katako ba a ƙasa ba, nesa da bango da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ya rage bayan aiki a naɗe shi da leda, a rubuta yawansa.

Saura oda. Takardar da muke aiki da ita daga waje take zuwa. Daga tashar jirgin ruwan Kwatano zuwa Yamai ta Gaya sama da kilomita 1,000 ne, kuma bayan da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma bin Lome ta Burkina Faso, hanyar da ta fi daɗewa. Don haka kowace irin takarda ka san abin da kake ci a mako, ka ninka da makonnin da dillalinka ke ɗauka, ka ɗora ajiya a kai. Mai cin ram 10 a mako, dillali na ɗaukar mako 6, ya ajiye 20 don tsaro, da mangaza ta sauko 80 sai ya kira. Nakan ja jan layi a bango daidai wannan tsayin, ko sabon yaro ya ga tarin ya sauka ƙasa da layin zai zo ya ce: "Maigida, mai giram 80 ta taɓa ja." Faranti, tawada da takardar rasit mai kwafi su ma kowanne da nasa layin, kuma kafin Oktoba da lokacin kalandar Disamba nakan ɗaga layukan sama.

Kafin a rufe shago, ni da mai mangaza da mai tuƙa inji mukan tsaya gaban allo minti 10. Mu goge abin da ya fita, mu cire fallayen da suka lalace daga littafi, mu zaɓi ayyuka uku na farkon gobe, sannan yara su jawo takardarsu kusa da inji ta kwana a can.