Idan Ubuntu ta ɓace bayan sabunta Windows

Jama'a, a daina gaggawar goge kwamfuta. A kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Ubuntu tare, sau da yawa Ubuntu na nan daram, Windows ce kawai ta ture GRUB (manhajar da ke ba ka zaɓin wadda za ta tashi in ka kunna kwamfuta) ta shige gaba.

Kana kunnawa ka danna F9 a HP, ko F12 a Dell da Lenovo, ka zaɓi ubuntu. In ta tashi, sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS (saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ko Ubuntu ta tashi) ka mayar da Ubuntu farkon layin waɗanda za su tashi, ka ajiye.

In kuma kullum tsarin na komawa yadda yake, kwanan wata ma yana rikicewa, ƙaramin batirin CMOS, mai riƙe saitin BIOS da agogo, ne ya mutu. Ana yawan samun haka a kwamfutocin hannu da ake kawowa nan Sakkwato. Galibi CR2032 ne, kai wa mai gyara ya canza.

Sannan ka kashe Fast Startup (saitin saurin tashi) a Windows, don shi ke hana Ubuntu rubutu a ɓangaren Windows.