Yadda za ka yi amfani da distrust da mistrust ba tare da kuskure ba

Kalmomin nan biyu duk rashin yarda suke nufi, kuma tushensu ɗaya ne: trust, wadda ta shigo Turanci wajen shekarar 1200 daga traust ta tsohon harshen mutanen Arewacin Turai, inda take nufin dogaro da taimako. Ɗafa-goshi, wato ɗan guntun da ake liƙawa a farkon kalma, shi ne ya raba su. Mis- ɗan gida ne a Turanci, yana nuna abu ya karkace. Dis- kuwa daga Latin ya fito, aikinsa juya ma'ana. Mistrust ce babba, tun ƙarni na 14 ake rubuta ta, sannan distrust ta biyo baya.

Kafin ka zaɓi ɗaya, tambayi kanka: akwai dalili a hannu? Ɗan kasuwa ya taɓa sayar maka da buhun shinkafa, sama tas, ƙasa tsakuwa. Daga ranar ba ka sake yarda da mudunsa ba. Wannan distrust ce, irin ta wanda maciji ya sara. Amma baƙon da ya zo da zancen haɗa jari, bai yi maka komai ba, zuciyarka dai na ɗar-ɗar, nan mistrust ta fi dacewa. Kada ka tsananta kan wannan rabon, don Turawa da yawa musanya su suke yi.

Inda ɗalibai ke zubar da maki a jarrabawa shi ne ginin jimla. In aikatau ce, ba ta son komai tsakaninta da wanda ake zargi: I distrust him. Kada ka saka kalmar Turanci "in" a tsakani, kwaikwayon "trust in" ne ke jawo wannan kuskuren. In suna ce, of ke bin ta: distrust of strangers, ko between in ɓangarori biyu ne ba su amince da juna ba. A guji I am distrusting him, domin hali take bayyanawa, ba aikin da ake kan yi ba.

Babban tarkon yana wajen siffa. Distrustful shi ne mai zargi, untrustworthy shi ne wanda ba a yarda da shi ba. A misalin buhun nan, kai ne distrustful, ɗan kasuwar ne untrustworthy. Ka juya su, ka ɗora wa kanka laifin.

Wajen furuci, ƙarfin murya na kan gaɓa ta biyu, kuma kada wasali ya shiga tsakanin s, t da r. A hira kuwa, I don't trust him aka fi ji.