Yadda wanda ya fito daga gidan gyaran hali zai kafa sana'arsa

Shirin yana farawa ne tun kafin ranar fita. Dokar 2019 da ta sauya sunan gidajen yari a Najeriya zuwa gidajen gyaran hali ta ɗora wa hukumar da ke kula da su nauyin koyar da sana'a, saboda haka wanda ya koyi ɗinki, kafinta, walda ko haɗa takalma a ciki ya nemi zama jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ya fito da takardar shaida a hannunsa. Ya kuma tambayi jami'in walwala ko sunansa zai shiga cikin waɗanda ake bai wa kayan aiki bayan fita.

Da ya dawo gida, ya tabbatar yana da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) da asusun banki, domin yanzu ko mai facin taya ta waya ake biyansa.

A ganina kuskure ne ya yi gaggawar kama shago, ko da 'yan uwa sun haɗa masa jari. Abin da ya rasa a idon jama'a shi ne yarda, kuma ita ba a sayenta da kuɗin haya. Gara ya zauna a ƙarƙashin wani ubangida na wasu watanni, bayan mai unguwa ko limami ko wani dattijon dangi ya tsaya masa. Ya faɗa wa ubangidan inda ya fito da bakinsa tun ranar farko, domin labarin zai iso ko ba daɗe ko ba jima, kuma idan a bakin wani aka ji shi, ya fi muni.

Idan aiki ya fara zuwa, kada ya karɓi kuɗin kafin alƙalami fiye da na sayen kaya, kuma ya riƙa rubuta komai a littafi. Tela musamman ya kiyayi ɗinkin Sallah: wani zai saɓa alkawari a yi masa uzuri, shi kuwa za a ce halinsa ne ya dawo.

Wajen tara jari, adashe da abokan sana'a ya fi masa bashi mai ruwa sauƙi. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana iya jira har sai ciniki ya kankama, sai dai wanda aka ɗaure kan zamba ya fara tuntuɓar lauya idan kamfani yake son kafawa, domin dokar kamfanoni ta 2020 tana iya hana shi zama darakta na wasu shekaru.