Darasi: Idan Mura Ta Kama Mai Ciwon ITP

A cikin jininmu akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsayar da jini idan an yanke, likitoci suna ce musu filatilet. Ɓargo ne ke yin su, kuma kowace takan yi kwana 7 zuwa 10. Sakamakon awon jinin mai lafiya yakan nuna adadin filatilet 150,000 zuwa 450,000. Mai ciwon ITP (wato ciwon ƙarancin filatilet) kuwa garkuwar jikinsa ce ke ɗaukar waɗannan ƙwayoyi tamkar abokan gaba, saifa ta lalata su, har su gaza 100,000.

Mura, fulu da korona duk ƙwayar bairos ce ke kawo su. Da zarar ta shiga, garkuwar jiki sai ta tashi tsaye, a wajen yaƙin nan kuma ta haɗa har da filatilet. Shi ya sa wanda ya samu sauƙi yakan koma gidan jiya cikin 'yan kwanaki. Yara da yawa ma ciwon yakan fara bayyana musu ne sati 1 zuwa 4 bayan mura.

Babban kuskure a kemis ake yin sa. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna hana 'yan filatilet ɗin da suka rage yin aiki, kuma wasu magungunan mura na ɗauke da su. Ku sa a karanta muku kwalin. Farasitamol ya wadatar: babba ya sha ƙwaya 2 masu 500mg, a bar aƙalla awa 6 tsakani, kada ya wuce ƙwaya 8 a rana. Ban da allurar tsoka, ban da ƙaho da tsagar wanzami. Mai shan prednisolone (maganin da likita kan ba mai ITP) kada ya daina sai likita ya ce.

Iskar hunturu na busar da hanci, fyace majina da ƙarfi kuma sai ya kawo haɓo. A shafa baselin kaɗan a bakin ƙofar hanci. In jini ya ɓalle, a zauna, a sunkuyar da kai gaba, a matse wajen taushin hanci minti 15 ba a saki ba. Ɗaga kai sama haɗiye jinin kawai yake sa mutum.

Kullum da safe a duba ƙwauri da cikin baki. Jajayen ɗige-ɗige, ƙurjin jini a baki, baƙin kashi, jinin al'ada da ya yi yawa ko matsanancin ciwon kai, duk na zuwa asibiti ne a ranar. Wanda aka cire wa saifa, idan zafin zazzaɓinsa ya kai digiri 38 kada ya kwana a gida. A can a yi awon maleriya ma, don ita ma tana rage filatilet.