Yadda ake shurbar tumatir mai madara ba tare da ta tsinke ba

Idan hunturu ya kankama a Garwa, a arewacin Kamaru, daga Disamba zuwa Fabrairu, tumatir yakan yi araha har mai talla ta biyo ki ƙofar gida da tire tana cewa ki taya ko nawa ne. Na lambunan bakin Binuwai ya nuna, ga kuma wanda manyan motoci suke haurowa da shi daga Fumbot cikin akwatunan katako. A wannan lokacin ne nake yawan dafa shurbar tumatir, wadda ake sha da cokali ana haɗawa da burodi. 'Yan'uwanmu na Injamena sun saba da shurba, musamman da azumi, sai dai wadda aka fi sani ta ƙashi da nama ce. Wannan kuwa tumatir ne da madara, mai kauri da santsi, mai launin ƙwaiduwar da aka ɗiga wa manja. Yaro yana sha, tsohon da haƙora suka yi masa ƙaranci yana sha, haka mai jinyar da bakinsa ya ƙi karɓar tuwo.

Mata da yawa sun ɗauka sai da kirim na kwali daga manyan kantuna ake yin ta. Ba haka ba ne. Madarar da ke hannunmu ta isa. Abin da ake buƙata shi ne sanin yadda za a zaunar da tsami da madara a tukunya ɗaya ba su yi faɗa ba, kuma a nan ne akasari ake samun matsala.

Ni ma a nan na fara tuntuɓe. Ranar da na fara gwadawa, tukunya tana tafarfasa na huda gwangwanin madara na tuttula a ciki. Kafin in ajiye gwangwanin, fararen gudaji ƙanana sun taso sun rufe saman, ruwan kuma ya ware gefe tsararo. Raina ya ɓaci sosai, don na yi cefane mai kyau kuma ga baƙuwa a gida. Goggo, ƙanwar mahaifina da ta zo mana kwana biyu daga Ngaundere, ta leƙa tukunyar ta ce, "Ke 'yar nan, ai awara kika yi. Ina kika taɓa ganin an zuba nono a kan tsami wuta tana ci?" Maganarta ce ta buɗe mini ido. Duk wadda ta taɓa yin awara ta sani, madarar waken suya tana tafasa ake zuba ruwan tsami, nan take ta dunƙule. Madarar shanu ma haka take, kuma tumatir yana da tsami. Zafi mai yawa da tsami idan suka haɗu a kanta dole ta tsinke. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa abu uku suke yi: rage tsamin tumatir, ba madara abin da zai riƙe ta, da hana ta tafasa bayan an haɗa.

Don mutum 4 zuwa 5, ki tanadi tumatir kilo 1 da rabi, wato kamar guda 12 zuwa 15 matsakaita. Sai albasa 2, tafarnuwa sala 4, karas 1, man shanu babban cokali 3, fulawa babban cokali 2, romon nama ko na kaza rabin lita, gishiri, masoro, da ganyen ɗoɗɗoya kaɗan idan akwai. Sai madara kofi 1, za mu dawo kanta.

Wajen zaɓen tumatir kada ki yi sauri. Ki nemi wanda ya nuna ja wur har gindin hancinsa, mai nauyi a hannu, mai tsoka. Dogon nan mai kama da ƙwai ya fi zagayayye mai ruwa, don ruwansa kaɗan ne, 'ya'yansa ma kaɗan. Wanda aka tsinko ɗanye ya nuna a hanya tsaminsa ya fi yawa, za ki gan shi da ɗan kore ko rawaya wajen hanci. Idan shi kika samu, ki baza shi a faifai a inuwa kwana 2 ya ƙarasa. Wanda ya fashe yana tsiyaya ana sayar da shi da araha kuwa, ki bar shi, domin tsaminsa na lalacewa ne, ba dahuwar da za ta gyara shi. Albasa dai ba mu da matsala, ta Marwa tana ko'ina, kuma idan ta sha wuta a hankali zaƙi take yi, wannan zaƙin ne zai rage miki buƙatar sukari.

Mataki na farko shi ne cire ɓawo. Hanya mai sauri ita ce ki ɗan tsaga kan kowane tumatir da wuƙa, ki jefa a tafasasshen ruwa minti 1, ki tsame ki sa a ruwan sanyi, ɓawon zai saluɓe da kansa. Amma ni na fi son gashi. Idan gawayi ya ruru ya zama garwashi, sai in ɗora waya irin ta masu gasa kifi, in jera tumatir ina juyawa har ɓawon ya yi baƙi-baƙi ya tsattsage, ruwan ya fara ɗiga yana cuu a kan wuta. Minti 10 ya isa. Ki kwashe a kwano ki rufe da faranti, tururin zai ƙarasa sakin ɓawon, ki ɓare da hannu idan ya huce. Kada ki wanke shi bayan kin ɓare, kuma ruwan da ya taru a gindin kwanon kada ki zubar. Ɗan ƙamshin hayaƙin nan shi ne abin da zai sa wanda ya sha ya tambaye ki me kika saka.

Sai ki ɗora tukunya. Idan kina da ta silba mai kaurin gindi ta fi, saboda tumatir idan ya daɗe a tukunyar dalma yakan ɗauko ɗanɗanon ƙarfe. Ki zuba man shanu cokali 2. Wanda 'yan Fulani suke kawowa yana da ƙamshi mai ƙarfi, a gidanmu shi ake so, amma idan ya yi miki yawa ki raba shi da man gyaɗa ko man auduga irin Diamaor. Ki zuba yankakkiyar albasa da karas da kika goga, da ɗan gishiri, ki rage wuta. Ana so albasar ta yi laushi ta yi haske, kada ta soyu ta yi ja, don ɗacin ƙuna ba ya ɓuya a wannan shurba. Ki ba ta minti 8 zuwa 10. Daga nan ki sa dakakkiyar tafarnuwa, ki juya sau biyu sau uku, da kin ji ƙamshinta ya taso ki juye tumatir da ruwansa.

Nan ne wurin haƙuri. Ki bar tukunya a buɗe, wuta matsakaiciya, kina farfasa tumatir da bayan ludayi. Da farko zai saki ruwa mai yawa, ƙamshinsa kuma mai yaƙi ne, irin mai shiga hanci. Ki ci gaba da juyawa lokaci-lokaci. Bayan kamar minti 20 zuwa 25 ruwan zai ja baya, launin ya koma ja mai duhu, mai ya fara fitowa a gefen tukunya, idan kika ja ludayi a tsakiya sai ki ga gindin tukunya na ɗan lokaci kafin ya rufe. Ki ɗanɗana. Gafin ɗanyen tumatir ya kamata a ce ya tafi. Idan bai tafi ba ki ƙara masa lokaci, kada ki rufe shi da sukari. Sai a yanzu za ki zuba romo, ki bari ya tafaso, ki rage wuta ya yi minti 10. Idan babu romo, ruwan zafi da dunƙule 1 ya wadatar, amma ki rage gishiri.

Idan har yanzu tsamin yana cizon harshe, kanwa ce maganinsa, kamar yadda take yi wa yakuwa. Ki jiƙa guntu kamar ƙwayar wake a rabin ƙaramin kofin shayi, ki tsiyayi ruwan saman, ki ɗiga ƙaramin cokali 1. Za ki ga ya yi kumfa ya lafa. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara. Kanwar da ake kawowa daga Kanem da bakin Tafkin Chadi ba ƙarfinta ɗaya ba, wata tana da kaifi sosai, shi ya sa ba na ba kowa ma'auni tsayayye. Idan ta yi yawa jan tumatir zai dushe, bakin mutum ya riƙa jin kamar sabulu. Mai amfani da bikarbonat kuwa, kwatan ƙaramin cokali ya ishi wannan tukunyar.

Ki sauke ya sha iska kaɗan, sai niƙa. Idan blenda za ki sa, kada ki cika ta fiye da rabi, ki danne murfin da tsumma, don abu mai zafi yakan tunkuɗe murfi ya fallatso wa mutum a fuska. Idan an ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, ki burge shi da maburgi a cikin tukunya. Ko da wanne kika yi, ki tace da rariya mai laushi kina dannawa da bayan ludayi har sai 'ya'ya da zare kawai suka rage. Wannan tatar ita ke kawo santsin. Ki mayar a wuta ƙasa-ƙasa don kada ya huce.

Yanzu madara. Wadda ta fi sauƙin sha'ani ita ce ta gwangwani marar sukari, irin Peak, domin ta riga ta sha zafi a masana'anta, ba ta saurin tsinkewa. Ƙaramin gwangwani 1 ki ƙara masa ruwa ya cika kofi. Ki duba da kyau kada ki ɗauko mai kaurin nan mai sukari da masu shayi suke zubawa, ba ta shiga nan ko kaɗan. Ta gari irin Nido ma tana yi, babban cokali 5 a kofi 1 na ruwan ɗumi, a dama sosai. Idan kuwa kin samu sabuwar tatsa, irin wadda mutanen Ngaundere suke samu da sassafe, babu kamarta. Ki fara tafasa ta tukuna saboda cututtukan da ke bin ɗanyar madara, ki bari ta huce, maiƙon da ya kwanta a sama ki kwashe shi daban, shi ne kirim ɗinki, da shi za ki yi ado a ƙarshe. Kindirmo dai ba ya hawa wuta a wannan girki, shi da kansa mai tsami ne.

A wata ƙaramar tukunya ki narkar da sauran man shanu cokali 1, ki zuba fulawa, ki yi ta juyawa minti 2 har ƙamshin ɗanyen gari ya tafi, amma kada ta canza launi. Sai ki riƙa tsiyaya madara kaɗan-kaɗan kina burgawa. Da farko za ta dunƙule kamar za a yi tuwo, kada ki tsorata, ki ci gaba da ƙarawa kina juyawa har ta saki ta zama kamar kunu mai laushi. Fulawar nan ita ce ke riƙe madara ta hana ta haɗa gudaji idan ta gamu da tsami.

Sannan ki kashe wutar tukunyoyin biyu. Tumatir ne zai je wurin madara, kuma a hankali zai je. Ki ɗebi ludayi 1 ki zuba a cikin madarar kina juyawa, sai na biyu, sai na uku. Idan ta karɓi ludayi 4 ba ta nuna komai ba, launinta ya koma ruwan goro mai haske, to ta saba, sai ki juye ta gaba ɗaya cikin babbar tukunya kina motsawa. Ki gyara gishiri, ki barbaɗa masoro. Idan kina da farin nan na Penja ya fi dacewa, don ba ya barin ɗigon baƙi. Idan tana buƙatar ƙarin zafi ki mayar a wuta kaɗan, da kin ga tururi ya fara tashi ki sauke. Daga wannan lokaci ba za ta sake tafasa ba. Idan ta yi kauri da yawa ki sassauta da romo mai zafi, ana so ta lulluɓe bayan cokali ta kuma zuba ba tare da an girgiza ba.

Idan duk da haka kin ga ƙananan gudaji, ba ta lalace ba. Ki sauke nan take, ki sake niƙawa ki tace, za ta dawo kusa da yadda ake so.

Ki zuba a kwanuka, ki ɗiga maiƙon madarar nan ko cokalin kindirmo a tsakiya, ki yayyaga ɗoɗɗoya da hannu a kai. Dogon burodin jiya da ya fara tauri ki yanka shi ƙanana ki soya a ɗan mai har ya yi ƙaras-ƙaras, a watsa a sama lokacin sha. Maigida idan yana son yaji a ajiye masa dakakken barkono a gefe, kada a sa a tukunya saboda yara.

Maganar ajiya, zafin Garwa a Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, abin da aka sa wa madara ba ya kai wa dare a waje. Idan za ki yi da yawa, musamman don buɗa baki, ki dafa tumatir ɗin ki tace ki sa a firiji ba tare da madara ba, yana kwana 3 lafiya. Kullum sai ki ɗebi na ranar ki haɗa masa madararsa sabuwa, aikin minti 10 ne.

Da damina kuwa, idan ɗanyen tumatir ya yi tsada, kauɗa, wato busasshen tumatir, tana rufa asiri, irin wadda ake kawowa daga wajen Abeshe ko wadda kika shanya da kanki. Ki wanke ta sau 3 saboda yashi, ki jiƙa cikin hannu 2 a ruwan zafi minti 30, ki haɗa da ɗanyen tumatir ko guda 4 ne don ya farfaɗo da launin. Tsaminta ya fi na ɗanye, don haka ki ajiye ruwan kanwa kusa, ki kuma ƙara karas ya zama 2.